Surukin Gali a Layin Gaba

Duk wanda ya ci shinkafar biki a Azare cikin shekara goman nan, da wuya a ce Gali bai taɓa sa shi ya ƙware ba. Dogo ne siriri, ɗan Fulanin Udubo da aka kawo gari karatu tun yana ƙarami. Karatun ya tsaya a hanya, bakin ne ya ci gaba. A sakandare ya fara. Malami na fita daga aji sai Gali ya miƙe, ya ɗauki tafiyar malamin da tarinsa da yadda yake tura tabarau da ɗan yatsa, aji ya kife da dariya. Wata rana malamin lissafi ya dawo ɗaukar makullin babur ɗinsa, ya tarar da kansa a gaban allo yana koyarwa. Aka ba Gali hutun sati biyu. Hutun ya yi masa daɗi, ya zarce.

Ya kama tuƙin keke napep, kuma a nan ya yi karatun da ya amfane shi. Daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa ƙofar asibiti, ba abin da mutane ba sa faɗa a bayan direba, kamar ba mutum ne ke riƙe da kan keken ba. Ga matar da ke wanke mijinta tas a waya tana haɗawa da "ranka ya daɗe". Ga ma'aikacin da ke rantse wa ogansa cewa yana Bauchi, alhali ladanin unguwarsu na kiran salla a bayansa. Gali ba ya tanka wa kowa. Sai azahar ta yi ya faka a gindin darbejiya, ya ciro ɗan littafinsa daga ƙarƙashin kujera ya rubuta, sannan ya yi ta maimaita muryoyin shi kaɗai har masu wucewa su fara kallonsa da tausayi.

Daga nan aka fara kiransa bukukuwa, kuma kada wani ya ɗauka aikin daɗi ne. Mutanenmu suna son dariya, amma ba sa ganin mai ba da ita da gashi. Za a kama shi tun saura wata guda, ranar biki kuma a miƙa masa makirufo daidai lokacin da aka fara raba abinci, ya yi ta zuba wa ƙeyoyin mutane labari. Janareta ya mutu a tsakiyar magana, ya dawo bayan kowa ya manta farkonta. Wata gwaggo ta yafito shi ta ce ya dakata ya sanar an tsinci ɗankunne. Wani babba ya taɓa kiransa maroƙi a gaban jama'a, ya ce ya zo ya yi masa kirari, kuma wannan ta yi wa Gali ciwo har ya kwana biyu bai fita da keke ba. Wani ɗan siyasa ya neme shi ya riƙa kwaikwayon abokin hamayyarsa a wajen gangami, Gali ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ciwon bai saki ba sai bayan zaɓe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne waya. Labarin da ya yi wata biyu yana gyarawa zai faɗa ranar Asabar, Litinin ya ji fasinja a bayansa yana kunna wa na kusa da shi, Laraba wani a Jama'are ya sake faɗarsa da bakinsa kamar shi ya haife shi.

Duk da haka ba a taɓa korar Gali daga taro ba, ba a taɓa tare shi a hanya ba, saboda ya san abin da sababbin 'yan barkwanci ba su sani ba. A ƙasar nan ba kowa ake tsokana ba, kowa da nasa. Jika na da kakarsa, taubashi na da taubashinsa, Bakatagume na da Bahaɗeje, Bafulatani kuma Allah ya ba shi Babarbare. Don haka ana gobe biki sai Gali ya je gidan, ya tsuguna a gaban tsofaffin mata ya yi ta tambaya: dangin ango daga ina, wa ke wasa da wa, wa ke jin kunyar wa. Ranar biki in ya jefi mutum, to ya tabbata hakkinsa ne ya jefe shi, wanda aka jefa kuma ya fi kowa dariya yana neman ramuwa.

Barebari ne gonarsa, kuma ya nome su iya nomewa. Turarensu, hularsu, gaisuwarsu da ba ta ƙarewa, son girmansu. Labarinsa da ya fi tashe shi ne na riga, wanda waya ta kasa kashewa don sai an ga jikinsa yake daɗi. Wai wani Babarbare ne ya sa wa babbar rigarsa sitati har ta ƙi lanƙwasuwa ta shiga keke napep. Da ya gaji sai ya sulale ta ƙasa ya bar ta tsaye a bakin titi, ya tafi neman babbar mota. Mutane suka yi ta wucewa suna gaishe ta. Kafin ya dawo, wani ya kawo mata ƙarar maƙwabcinsa, wani kuma ya tsuguna yana neman auren 'yarta.

A wajen wani kamu a Matsango ne ya haɗu da daidai shi. Yana tsakiyar wanke Barebari sai wata murya ta taso daga cikin mata: "Ku ba shi abinci tukuna, kada iska ta ɗauke mana shi bai gama zagin ba." Mata suka yi shewa. Karo na farko ke nan da aka kayar da Gali a fagensa. Mai maganar Khadijatul Kubra ce, 'yar Alhaji Bunu mai huluna da turare a kasuwar Azare, Babarbariya gaba da baya. Bayan wata tara aka ɗaura musu aure, gari ya yi ta cewa Barebari sun kama shi da hannu.

Da Kubra ba matsala, tsokana ce abincinsu safe da yamma. Matsalar mahaifinta ce. Suruki ba abokin wasa ba ne, ko da Babarbare ne sau goma, ballantana ga Bafulatani da kunya ta yi wa katutu. Shekara uku da auren, Gali bai taɓa kallon ƙwayar idon Alhaji Bunu ba. Tun daga bakin layi yake cire takalmi, ya tsuguna nesa, ya gaisar, ya tashi da baya. Bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Bai taɓa kama sunansa ba, sai "Baba". In ya hango hularsa daga nesa yana tuƙi, sai ya karya kan keke ya shiga lungu, fasinja na ta tambayar ina za a kai su. Shi kuwa dattijon fuskarsa kullum a ɗaure, yana amsa gaisuwa da kalma biyu. Gali ya riƙa gaya wa kansa cewa wataƙila Baba bai ma san irin sana'ar da yake yi da yamma ba.

A shekara ta goma da fara yawon bukukuwa ya yanke shawarar da ta daɗe tana cinsa. Zai yi taronsa na kansa, ba amarya, ba ango, ba shinkafa, mutane su zo su zauna don shi kaɗai. Ya kama wani zauren taro a hanyar Jama'are, ranar Asabar daga la'asar zuwa gab da magariba. Ya liƙa hotonsa a bayan kekuna har talatin. Abokinsa Kashim, Babarbare mai kayan sauti wanda suka yi shekaru suna yawon biki tare, ya ce lasifika da janareta a wuyansa. Ana saura sati ɗaya kuma sai ga waya daga Kano. Wani mai suna Bahauddeen, mai shirya manyan tarukan barkwanci, ya ce ya ga bidiyonsa, zai zo da kansa ya kalla, in abin ya yi masa, akwai dandamali a Kano da Sallah.

Gali ya shiga gida da gudu har ya yi tuntuɓe da buta.

"Kubra, Kano. Mutumin Kano zai zo."

"To ka ci abinci," in ji ta, "kada ya zo ya tarar da riga ba mutum."

Sati guda bai zauna ba. Ya tsara labaransa na awa ɗaya, ya gwada su a gaban Kubra, ya gwada a gaban madubi, ya gwada a gaban awakin maƙwabta. Kashi uku cikin huɗu Barebari ne, don a nan ƙarfinsa yake, ya kuma aje labarin riga a ƙarshe.

Ranar Asabar tun kafin a sallame la'asar layi ya kai titi. 'Yan kwaleji, 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti da suka tashi aiki, 'yan acaɓa da suka faka babura suka ce yau ba aiki, har da wata mota cike daga Udubo. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, kujeru suka ƙare aka fara tsayuwa a jikin bango. Gali na bayan labule yana tsalle a wuri ɗaya don murna. Shekara goma yana magana da ƙeyoyi, yau ga fuskoki ɗari huɗu sun juyo suna jiransa.

Sai Kashim ya leƙo yana danne dariya.

"Gali, zo ka gani. Layin gaba, kujera ta tsakiya."

Gali ya ɗaga gefen labule. Ga baƙon Kano, Bahauddeen, da waya a hannu. A kusa da shi kuma ga Alhaji Bunu, cikin babbar riga shuɗiya da ta sha sitati har tana ƙyalli, hula zanna a karkace, sanda a kan gwiwa. Ƙamshin turarensa ya riga ya iso bayan labulen.

"Wa ya gayyato shi?" Muryar Gali ta koma ta wani.

"Ba kowa. Da ƙafarsa ya zo ya yanki tikiti, ya ce a kai shi gaba don kunnensa ba ya ji sosai."

"Kashim, don Allah kashe janareta."

"Wallahi ba zan kashe ba. Shekara goma kana cin namanmu, yau Allah ya kama ka." Ya koma wajen na'urarsa ya saki kiɗa, ya kira sunan Gali da ƙarfi, zaure ya ɗauka.

Ba yadda zai yi, ya fito. Ya yi niyyar shigowa da tsalle kamar yadda ya tsara, amma jikinsa ya riga shi yanke hukunci. Yana hango hular nan ƙafafunsa suka zame daga takalmi, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, sai ga shi tsugune a tsakiyar dandamali, kai a ƙasa, makirufo a baki.

"Baba, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya kasuwa?"

Zaure ya fashe, don kowa ya ɗauka cikin wasan ne. Alhaji Bunu ya ɗaga hannu kaɗan ya amsa, fuskar nan yadda take. Gali ya miƙe a hankali, ya juya gefe don kada su haɗa ido, ya fara laluben abin faɗa. In ya taɓa Barebari, ya ci mutuncin surukinsa a gaban gari, kuma gobe da wane ido zai shiga gidan. In bai taɓa su ba, ba shi da awa ɗaya, ba shi da ko rabinta, Kano kuma ta tafi.

Ya jawo tsofaffin labaran keke. Na matar da ke cewa "ranka ya daɗe" ya ɗan samu dariya. Na ma'aikacin Bauchi kuwa tun bai kai tsakiya ba 'yan baya suka ƙarasa masa, don duk yana wayoyinsu. Ya koma kan Fulani, ya tsokani kansa da kansa, aka yi murmushi irin na ladabi. Minti goma sha biyar suka wuce kamar shekara. Gumi ya jiƙa masa riga. Wani daga jikin bango ya ce, "Riga muke so." Wasu suka ɗauka, "Riga, riga." Ya saci kallon ɓangaren mata, ya ga Kubra ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya saci kallon Bahauddeen, ya ga ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Nan Gali ya ji abin ya kufce masa, har ya fara tunanin ya yi godiya ya sauka.

Sai Alhaji Bunu ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu, ya yafito Kashim, ya nuna makirufo na biyu. Zaure ya yi tsit. Kashim ya kawo da hannu biyu. Dattijon bai tashi ba, ya dai gyara hannun riga, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ni ne Bunu, Babarbare ɗan Babarbare. An ce mini akwai wani bawanmu da ya yi baki a garin nan, shekara goma yana zagin iyayen gidansa. Na rufe shago na zo in ji da kunnena. Tun da na zauna gaisuwa nake sha." Ya juyo da sandar ya nuna Gali. "Kai, ɗan Fulani, ko yunwa ce? A dama masa fura a kai masa bayan labule. Na san halinku, a gaban mutane ku ce kun ƙoshi, in an ba da baya ku cinye har da ƙwaryar."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mutane suka miƙe tsaye, 'yan acaɓa na dukan kujeru, 'yan Udubo na ihu a rama musu. Gali na tsaye baki buɗe, sai can abin ya faɗo masa. Babba ne ya buɗe ƙofa da kansa. Kuma in Babarbare ya jefi Bafulatani a bainar jama'a ya yi shiru, ba kansa kaɗai ya kunyata ba, har da na rugar da ba su zo ba. Amma suruki yana nan suruki. Don haka ya koma ya tsuguna, ya juya kafaɗa, ya kafe ido a ƙasa, ya kai makirufo baki.

"Baba, a gafarce ni."

"Na gafarta. Faɗi."

"Baba, wannan rigar, da ƙafarta ta zo, ko ɗauko ta aka yi?"

Zaure ya sake kifewa. Daga nan bakin Gali ya buɗe, bai kuma rufe ba. A tsugune ya yi labarin turaren da ya sa ƙudan zuma suka raka wani Babarbare har masallaci. A tsugune ya yi na gaisuwar da aka fara da hantsi, aka tafi sallar azahar aka dawo aka ɗora. Duk jimla uku sai ya dafa ƙasa ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba," sannan ya sako wadda ta fi ta baya zafi. In zai koma ɗaya gefen dandamalin, a tsugunen yake tafiya kamar agwagwa, don ba ya miƙewa a gaban suruki. Dattijon kuma ba ya barin ko ɗaya ta wuce, yana ramawa da saniya da sanda da siraran ƙafafu. Sabbin maganganu suka riƙa zuwa wa Gali waɗanda bai taɓa rubutawa ba, yana jin daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe makirufo. Da ya iso labarin riga, ya kai wajen mai neman auren 'yarta, sai ya tsaya, ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Baba, ni ne." Kubra ta zame daga kujera don dariya, ƙawayenta na riƙe ta. Alhaji Bunu ya yi dariya har hularsa ta faɗo kan cinyar Bahauddeen, wanda tuni ya jefa waya a aljihu yana share hawaye.

Saura kaɗan a kira magariba aka tashi. Gali ya yi yunƙurin miƙewa gwiwoyi suka ƙi, sai da Kashim ya ɗago shi. Bahauddeen ya hawo dandamali ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Malam Gali, uku ga Sallah, Kano. Amma irin na yau nake so."

"Yallaɓai, suruki ɗaya gare ni, kuma ban san ko zan kwana da aurena ba."

Bai tsaya karɓar barka ba. Ya ratsa jama'a ba takalmi, ya fita waje yana ɗingishi. Ya tarar da Alhaji Bunu a bakin titi yana jiran abin hawa. Gali ya zube nesa da shi kamar kullum, duk murnar ta koma tsoro.

"Baba, na yi rashin kunya. Ku yafe mini."

Dattijon ya juyo ya dube shi. Da ya yi magana, muryar ba irin ta cikin zaure ba ce.

"Akwai wani Bafulatani, Jaji, dillalin shanu. Shekara arba'in, duk ranar kasuwa sai ya tsaya a ƙofar shagona ya zage ni tas kafin ya wuce kara wajen cinikin shanunsa, ni ma in zage shi. Da azumin da ya wuce ya rasu." Ya gyara riƙon sandarsa. "Tun da ya tafi, kowa Alhaji, kowa Baba, kowa ranka ya daɗe. Wata bakwai ba wanda ya zage ni. Mutum sai ya ji kamar shi ma an binne shi."

Gali ya ji idonsa ya cika. Bai ɗago ba.

Wani keke ya tsaya. Alhaji Bunu ya tattara rigarsa da ƙyar, ya cusa ta ciki, ya bi ta. Kafin direba ya ja, ya leƙo.

"Bencin da Jaji yake zama yana nan. Ranar kasuwa ka biyo, kada ka makara."